Ra'ayinmu: A zana abu sau ɗaya, a kalle shi ta kowace fuska

Takarda tsawo da faɗi kawai gare ta, abin da ake son ginawa ko ƙerawa kuwa yana da tsayi da kauri da ciki. Shi ya sa babu mai zanen gini ko injiniyan da zai iya faɗa wa magini duk abin da yake nufi da hoto ɗaya. Dole ya kawo kallon sama, wanda ke nuna shimfiɗar ɗakuna da kaurin bango. Dole ya kawo kallon gaba da na gefe, masu nuna tsayin ƙofa da taga da gangaren rufi. Sai yanka, wato zanen da ke nuna ginin kamar an tsaga shi tun daga rufi har fandisho. Bayan haka ya ɗauko wurare masu wuyar sha'ani, kamar inda fila ta haɗu da bim, ya faɗaɗa su su kaɗai. Kowace fuska tana faɗin abin da sauran suka yi shiru a kai, kuma sharaɗi ɗaya ne a kansu duka: kada su saɓa wa juna.

Cika wannan sharaɗi shi ne jan aikin. Mai gida ya dawo ofis bayan an gama zane, ya ce uwargida ba ta son ƙofar kicin ta kalli falo, a mayar da ita wajen tsakar gida. A kallon sama aikin minti biyu ne. Amma ƙofar nan tana kallon baya, tana cikin yanka, tana jadawalin ƙofofi, akwai linta a kanta a zanen injiniya, akwai makunnin wuta a gefenta a zanen mai lantarki. In aka gyara uku aka manta biyu, birkila zai bi takardar da ke hannunsa, mai wayarin ya bi tasa, kafin a farga an riga an zuba kankare. Daga nan sai fasa bango da gardamar wa zai biya.

A kan yadda za a kauce wa irin wannan ne masu sana'ar suka rabu biyu. Wasu sun ce lokacin zana kowace fuska da hannu ya wuce, a gina siffar abin gaba ɗaya cikin kwamfuta, manhaja ta fitar da fuskokin da kanta. Wasu kuma sun ce wannan hanya tana yaye matasan da ba su iya karanta zanen da suka buga ba, ga tsada, kuma yawancin aikin da ake yi a garuruwanmu bai kai ya buƙace ta ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma a ganinmu ba su yi kunnen doki ba.

Tsarin jera fuskoki ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Gaspard Monge, masanin lissafi ɗan Faransa, shi ya shimfiɗa masa ƙa'ida, littafinsa a kan haka ya fito a 1799. Duk wanda ya yi darasin zanen fasaha a sakandare ya taɓa aikin Monge ko da bai san sunansa ba: ka zana gaban abu, ka ja siraran layuka daga kowace kusurwa zuwa ƙasa da gefe, sauran fuskokin su tsiro daga waɗannan layukan. A kan allon zane hannu ne ke ɗaure fuska da fuska, mai zane yana jin dangantakarsu a yatsunsa. Wahalar ita ce gyara, domin kowane canji sai magogi ya zagaya takardu da yawa.

Da kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar da AutoCAD a Disambar 1982, fensir da magogi ne suka huta, tunanin bai canza ba. Kallon sama layuka ne, kallon gaba ma layuka ne, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Sauyin da ya shafi maganarmu ya zo a 1990, lokacin da fitowa ta 11 ta manhajar ta raba wurin aiki gida biyu, filin zane da filin takarda. Ya dace a tsaya a nan kaɗan, domin har yau akwai masu cin abinci da manhajar da ba su taɓa buɗe fili na biyun ba.

A filin zane komai da ainihin girmansa ake yin sa. Bango mai mita 12, mita 12 za a ja shi. A filin takarda kuwa sai a shimfiɗa takardar da za a buga, a buɗe tagogi a kanta, kowace taga tana leƙen zanen nan guda ɗaya. Taga ta farko ta nuna gidan duka da sikelin 1:100, inda mita ɗaya ke zama milimita 10. Ta biyu ta matso kan matakalar bene da 1:20. Ta uku ta koma kan gidan, amma an kashe mata kayan ɗaki an kunna layukan famfo. Babu abin da aka kwafa. In aka ƙara wa matakala taki ɗaya a filin zane, duk tagar da ke kallon wurin za ta nuna shi nan take. Ana kuma kulle sikelin taga, don kada hannu ya kuskure ya mayar da 1:100 wani adadin da babu shi a kan ma'auni. Rubutu ne ya daɗe yana ba da ciwon kai, domin harafin da ake so ya fito milimita 2.5 a takarda sai an yi shi 250 in tagar 1:100 ce, 50 in ta 1:20 ce. Tun fitowar AutoCAD 2008 manhajar ke iya daidaita wannan da kanta.

Wanda bai koyi tagogi ba kuwa, ga abin da yake yi. Yana son faɗaɗa matakala, sai ya kwafe ta, ya ja ta gefe, ya ninka girmanta sau biyar. Yanzu matakala ta zama biyu a fayil ɗaya. Da ya sa awo, taki mai milimita 150 sai ya nuna 750, sai ya goge adadin ya rubuta 150 da hannunsa. Daga ranar wannan adadi ya rabu da zanen, a gyara matakalar sau goma yana nan a 150. Wannan ɗabi'a ce muka fi jin tsoro a duk sana'ar, domin kuskurenta ba ya nuna kansa, takardar tana fitowa tsaf gwanin sha'awa.

Sai dai tagogi rabin matsalar suke warwarewa. Suna hana a yi kwafi biyu na fuska ɗaya, amma ba sa ɗaure kallon sama da kallon gaba, tunda kowanne zanensa daban. Ƙofar kicin ɗin nan har yanzu sai an bi ta wuri-wuri. A nan masu siffar 3D ke da babbar hujja. Tun ƙarshen shekarun 1980 manhajar Pro/ENGINEER ta nuna wa masu ƙera injuna cewa za a iya gina ƙarfe ɗaya cikin kwamfuta, fuskokinsa su fito daga jikinsa su kuma riƙa binsa duk inda ya juya. SolidWorks ta sauko da wannan kan kwamfutar tebur a 1995. A ɓangaren gini akwai ArchiCAD daga ƙasar Hangari, da Revit da ta fito a 2000, Autodesk ya saye ta a 2002. A irin waɗannan manhajoji ƙofa ta san ita ƙofa ce, ta san bangon da take ciki. Ka matsar da ita sau ɗaya, kallon sama da na baya da yanka da jadawali su gyaru tare. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, a kwamfuta aka tsara shi kacokan da manhajar CATIA ta Faransa, kuma tun daga nan manyan masana'antu ba su waiwaya baya ba. Wanda duk ya taɓa kwana yana bin takardu ashirin saboda an ɗaga tsayin bene da bulo ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani.

To ina gizo ke saƙar? Masu ɗari-ɗari da wannan hanya suna da dalilai, kuma ba na ƙin ci gaba ba ne.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar jan lokaci. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, sai haya, farashin kuma da dala yake tafiya. Siffar 3D tana son kwamfuta mai ƙarfi, kwamfuta mai ƙarfi tana son wuta. Matashin da ke zana shaguna huɗu da gida mai ɗaki uku a Funtuwa ko Maraɗi yana da haƙƙin tambayar ko ribar ta kai kuɗin. Akwai sauƙi ta wani gefen, domin ɗalibai na samun lasisin karatu kyauta, ga kuma FreeCAD da ba a biyan ko kwabo, wadda ta kai fitowa ta 1.0 a Nuwambar 2024 kuma tana fitar da fuskoki daga siffa. Amma kyautar ɗalibi tana ƙarewa ranar da ya fara aikin kuɗi.

Dalilin da ya fi wannan nauyi shi ne manhaja ba ta san abin da ya kamata a nuna ba, abin da aka ce ta yanka kawai take yankawa. Kallon sama na gida yanka ne a kwance, a wajen mita 1.2 daga daɓe, a kalli ƙasa. A gidajenmu tagar bayi, da sau da yawa ta ɗakin da ke kallon titi, sama ake kai ta saboda sutura. Irin wannan taga tana saman inda aka yanka, don haka tana iya ƙin fitowa a kallon saman da manhaja ta fitar. Tsohon mai zane ya san zai nuna ta da tsinkakken layi ya rubuta tsayinta. Yaron da bai taɓa tunanin inda ake yankan ba zai buga takardar a haka, birkila ya ɗaga bango babu taga, alhali a siffar da ke kwamfuta tagar na nan daram. Haka yake a zanen inji: danna maɓalli sau ɗaya ya fitar da fuska shida, amma ƙa'idar sana'a ita ce a kawo mafi ƙarancin fuskokin da za su bayyana abin babu shubuha. Sandar ƙarfe mai zagaye fuska ɗaya da alamar faɗin da'ira ta ishe ta. Yawan fuska yana jawo maimaita awo, wurin da aka maimaita awo kuwa nan saɓani ke ɓuya. Zaɓen inda za a yanka, da abin da za a faɗaɗa, da abin da za a bari, aikin kai ne.

Kuma ɗaurin da ake yabo yana da nasa haɗarin. In kuskure ya shiga siffar, duk fuskoki za su maimaita shi baki ɗaya, babu wadda za ta tona asirin 'yar'uwarta kamar yadda saɓani kan yi a tsohuwar hanya. Ita kanta siffar ba kullum take zama ɗaya ba. Kamfanin Airbus ya ɗanɗana wannan a kan jirgin A380: ma'aikatansa na Hambug a Jamus suna aiki da CATIA ta 4, na Tulus a Faransa suna kan ta 5, da aka zo haɗa wayoyin lantarki, masu tsawon kusan kilomita 500, sai wasu suka ƙi kaiwa inda aka nufa. Jirgin farko bai isa hannun mai saye ba sai Oktobar 2007, kusan shekara biyu bayan alƙawari. In haka ta faru da masu irin wannan ƙarfi, ƙaramin ofishin da mai zanen gini ke aiko fayil daga wata manhaja, injiniya yana buɗewa da wata, ya kamata ya shiga taitayinsa.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan tsallakewa, wadda ta shafi duk mai mu'amala da kayan waje. Duniya ba ta yarda a kan hanya ɗaya ta jera fuskoki ba. A tsarin kusurwa ta ɗaya, wanda Turai da Sin da Indiya suka fi bi, abin da ka gani daga hagu a dama ake ajiye shi, kallon sama kuma ya zauna ƙarƙashin kallon gaba. A tsarin kusurwa ta uku, na Amurka da Kanada da Japan, abin da ka gani daga hagu a hagu yake, kallon sama yana sama. Ɗauki ƙarfen da ke riƙe da injin niƙa, mai huji a gefe ɗaya kawai. Mai walda a Panteka ta Kaduna ya karɓi zanen da aka jera da tsari ɗaya ya karanta shi da ɗayan, zai yi aiki mai kyau, awo daidai, hujin a gefen da ba shi ba. Maganin wata 'yar alama ce da ake sawa a kusurwar takarda, mazurarin da aka datse wa kai da da'ira biyu a gefensa, wadda ke faɗin tsarin da aka bi. Manhajoji suna zuwa da zaɓin da aka riga aka saita musu, kuma mai zane da yawa bai taɓa duba wanne nasa yake kai ba. A ƙasar da injunan Jamus da Sin da Amurka da Japan ke aiki a rumfa ɗaya, barin alamar nan sakaci ne babba.

Sannan a tuna wanda zai karanta. A manyan masana'antun waje an fara rage dogaro da takarda, ana rubuta awo a jikin siffar kanta, har Amurka ta fitar da ƙa'idar yin haka a 2003. Mu kuwa mai karanta zanenmu birkila ne da kafinta da mai ɗaurin rodi, a rana, cikin ƙura, takarda a naɗe a aljihu ko hoto a waya. Zanen da aka tsara don A1, mai milimita 594 da 841, in aka kai shagon buga takardu aka matse shi a A3, komai ya koma rabi cif: 1:50 ya zama 1:100 alhali rubutun ƙasan yana cewa 1:50, harafin 2.5 ya koma 1.25, da kyar ido ke ganinsa. Wanda ya ɗora ma'auni a kan irin wannan takarda ya auna ƙarya. Faɗaɗɗen zanen mahaɗa, wanda shi ne farkon abin da ke dushewa in an matse takarda, a kansa rai ke rataye. A ranar 17 ga Yulin 1981 hanyoyin sama guda biyu na otel ɗin Hyatt Regency a birnin Kansas na Amurka suka rufto, mutum 114 suka mutu. Asalin tsarin sandar ƙarfe ɗaya ce mai ratsa hanyoyin biyu. A zanen masu ƙira aka mayar da ita sanda biyu, nauyin da ke kan mahaɗar sama ya ninka, aka amince da takardar ba a sake lissafi ba. Ba kwamfuta ce ta yi wannan zane ba, kuma babu kwamfutar da za ta ɗauke wa injiniya nauyin tsura wa irin wannan ɗan wuri ido kafin ya sa hannu.

Matsayinmu shi ne masu cewa a zana sau ɗaya sun fi gaskiya, kuma nan sana'ar ta dosa ko an so ko an ƙi. Duk aikin da ya kai bene, ko wanda mai zanen gini da injiniya da mai lantarki za su haɗu a kansa, ko ƙarfen da za a ƙera da yawa, ya cancanci siffa ɗaya da fuskokin da ke fitowa daga jikinta. Gardamar masu ɗari-ɗari ba ta rushe wannan ba, abin da ta nuna shi ne irin mutumin da ya kamata ya zauna gaban manhajar. Don haka ba mu goyon bayan a kwashe allunan zane daga makarantu. Muna kira ga hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da kwalejojin fasaha da jami'o'i su bar zangon farko a kan allo da fensir, ɗalibi ya ja layukan Monge da hannunsa, ya fitar da fuska ta uku daga biyu, ya yi haka a tsarin kusurwa ta ɗaya da ta uku. Amma kada a tsaya nan har shekara ta ƙare. Daga zango na biyu a shiga kwamfuta, kuma filin takarda da tagogi su zo a makonnin farko, kada a bar su sai ƙarshen manhajar karatu inda lokaci kan ƙure. A jarrabawa a riƙa ba ɗalibi zanen da aka dasa wa saɓani tsakanin kallon sama da yanka, a ce ya nemo shi, domin wannan ne aikin da zai yi ta yi in ya fita.

Ƙaramin ofishin da bai da halin manhajar 3D ba mu ce ya rufe ba. Zane mai layi zalla yana gina gida lafiyayye in an kiyaye shi. A zana komai da ainihin girmansa, a jera kallon gaba daidai saitin kallon sama a fayil ɗaya yadda layi zai iya sauka daga wannan zuwa wancan, a faɗaɗa da taga maimakon kwafi, kuma a haramta rubuta adadin awo da hannu. In larura ta sa awo bai yi daidai da zanen ba, akwai ƙa'idar ja masa layi a ƙasa don mai karatu ya sani.

Ga COREN da ARCON, masu rajistar injiniyoyi da masu zanen gini, da hukumomin da ke amincewa da zane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, buƙatarmu ba mai tsada ba ce. Kowace takarda ta faɗi girman da aka tsara ta a kai, kowace fuska ta ɗauki sikelinta da sandar awo da aka zana a jikinta, wadda ke ƙanƙancewa tare da zanen in an matse shi. Zanen ƙira ya ɗauki alamar kusurwa. Kowane gyara ya samu lamba da kwanan wata da sunan wanda ya duba, mai dubawar kuma kada ya zama shi ne ya zana. In sabuwar takarda ta isa wurin aiki, ɗan kwangila ya karɓe tsohuwar daga hannun birkila da kafinta a ranar, a kuma goge tsohon hoton daga wayoyinsu.